Uwata a Cikin Na'urar Auta

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san abin da hakan ke nufi. Uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta zama hira da ni, ba ta dubana ido cikin ido. In ya zama dole ta yi zancena sai ta ce "na tsohuwa", domin tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni zuwa ƙauyensu, can bayan Filinge. An haife ni a farkon mulkin soja, cikin shekarun yunwa, na tashi ina jin jawabin sojoji a rediyon ƙanen ubana, ina ce wa kakata Inna. Matar da ta haife ni kuwa, in mun zo gari ranar kasuwa na shiga gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwata, "Ba na tsohuwa ruwa shi sha."

Kada a ce na tashi cikin maraici. Kakata ta so ni son da ya lalata ni, ita ta koya mini baƙar magana da saurin fushi, kuma har ta mutu ba ta yarda na taɓa yin laifi ba. Kowa ya gaya mini abin da uwata ke yi kunya ce, kunyar ɗan fari kuma so ne da ya yi yawa har ya kasa fita. Na ji, na yarda, na ma koya wa yara haka, don mushen lakwal ne ni, wato malamin makarantar boko, aikin da na tsufa a cikinsa ke nan. Amma in faɗi gaskiya, da an ba ni zaɓi da na ɗauki irin son da ke fita.

Mu biyar ta haifa: ni, mata uku, sai auta, wanda ya zo bayan kowa ya fid da rai, lokacin ina gab da gama makarantar horon malamai. Ranar da na fara ganin tana yi masa rawa a cinya tana yi masa kirari, fita na yi bayan gida na tsaya ina kallon gero ba gaira ba dalili. Gardi da gemu yana kishin jariri! Ya girma yana kwana a tabarmarta, tana tsince masa tsoka a miya, in ya yi ɓarna ta ce ai yaro ne. Ni na riƙa kai shi lakwal a bayan kekena, ni na koya masa karatu, kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, yaron yana da kai. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na zuba wa auta taki ba kaɗan ba, ya kuwa yi yabanya. Daga Filinge sai Yamai, daga Yamai sai ƙasar Turawa.

Wata damina ya zo hutu, ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar, ni da uwarmu da ƙanwarta da muke ce wa Inna ƙarama, ya yi mana bayanin aikinsa. Ya ce a inda yake masana na binciken ko za a iya kwashe hankalin mutum, tunaninsa da abin da ya sani da yadda yake magana, a zuba a na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta yadda ko jiki ya tafi wani abu zai saura. Ya ce ba a kai can ba tukuna, ƙila ma ba za a taɓa kaiwa ba. Abin da aka iya yanzu shi ne a tara maganar mutum mai yawa, a gina abin da zai riƙa amsawa da muryarsa da irin halinsa. Shi kuma ba cikin masu ginawa yake ba, cikin masu tsoro yake. Aikinsu su zauna su hango ɓarnar da abin zai iya yi, su kafa masa dokoki. Za a iya sace muryar mutum a yaudari danginsa da ita. Za a iya sa mamaci ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Kuma babu wanda ya san ko abin da ke cikin na'urar, in bincike ya yi nisa, zai iya jin zafi ko kaɗaici.

Na zaci tsofaffin za su yi salati su tashi. Ko gezau. Mu nan mun saba ganin wani yana magana da bakin wani, Inna ƙarama ma ta yi shekaru tana zuwa wasan bori kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Gyara zama ta yi ta ce, "To ita wagga iskar taku, wa ka tsaronta? Kuma mi taƙ ƙi?"

Auta ya yi dariya. Ya ce dokarsu ta farko sai mutum ya yarda da bakinsa, ta biyu kuma ba a ƙara masa ko kalma ɗaya wadda ba daga gare shi ta fito ba. Sannan ya juya ga uwarmu ya ce da ita yake so ya fara, don duk waɗanda aka tara maganarsu a can babu mai jin Hausa, balle ta Kurfai.

"In dai kai ka so, auta, a yi," in ji ta.

Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Ni kuwa ranar aurena na aika ƙanwata ta roƙe ta ta bari a ɗauke ta hoto, ta ce a gaya wa na tsohuwa ba ta son abin Nasara.

Ya fara ɗaukar maganarta ke nan hutunsa ya ƙare, ya koma da niyyar dawowa. Sai soja suka sake karɓar mulki. Aka rufe iyakoki, wuta ta zama sai an ga dama, hanyar Baleyara kuma ta zama wadda ba a bi sai da addu'a. Ƙannena mata duk suna gidajen aurensu, ɗaya a Baleyara, ɗaya a Bonkuku, ɗaya a Yamai. Ni kaɗai ne a Filinge. Sai ga kiran auta.

"Yaya, kai ɗai ar rage kusa da ita. Tsuhwa ya kama ta, ba mu san gobe ba."

Na ce, "Ka mance ko ni wane na gare ta?"

"Ban mance ba. Ai ba da kai za ta magana ba, da salula za ta yi. Ni ka aiko tambaya da muryata, kai dai ka kunna mata, ka ɗauki amsa, ka turo min."

Haka yaran da suka daɗe a waje suke, al'ada a wurinsu kamar kududdufi ce, a ɗage wando a tsallake. Na so in ƙi. Amma ina neman shekara hamsin a duniya ban taɓa samun dalilin zama kusa da uwata ba, ga dalili ya zo har gida. Na ce to.

Kullum in na tashi daga lakwal sai in biya. Rezo, wato sabis ɗin salula, ba ya kamawa sai a gindin katangar awaki, don haka can muke shimfiɗa tabarma. Ta zauna ta ba ni gefe, fuskarta ga awaki, ni kuma in miƙa hannu da salula kusa da bakinta in kunna. Da muryar auta ta fito, "Inna, kin wuni lahiya?" sai fuskar nan ta saki. "Autana! Ka ci abinci? Sanyin can bai kama ka ba?" Ta san saƙo ne, ba ya jin ta a lokacin, amma sai ta gama bin lafiyarsa gaɓa gaɓa kafin ta shiga tambayar.

A gindin katangar nan na san uwata. Ashe mai ban dariya ce. Ashe ta iya kwaikwayon mutane, ta yi muryar maigari, ta yi ta wani soja da ya zo rabon hatsi shekarar yunwa yana Hausa kamar mai tauna tsakuwa. Ta ba da labarin rijiyar da aka yi ta haƙa a ƙauyensu ba a tad da ruwa ba, da ranar da ta ɓuya cikin rumbu tana amarya don tuwonta ya yi gudaji, ta rera waƙoƙin niƙa waɗanda ban san ta iya ba. Dariya ta taso mini in danne, don in na yi za ta tuna ina wurin ta tsuke baki. Hannuna ya yi tsami, ba na saukewa. Kowace amsa da sunan auta take farawa, da sa masa albarka take ƙarewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In na koma gida matata ta tambaye ni abin da ya ɓata mini rai, in ce yaran lakwal ne.

Wata rana tambayar da ta zo ita ce, "Inna, hwaɗa min ɗiyanki ɗaya bayan ɗaya, tun daga na hwari, da yadda kinka haihe su." Na ji kunya kamar ni na yi tambayar, amma a ƙarƙashin kunyar ina jira, jira irin na mai azumi. Ta gyara kallabi, ta kori wata akuya da ba ta yi mata komai ba. Sannan ta fara da ta Baleyara, wadda ke bi na, wai ana ruwa aka haife ta, ungozoma ta zo jiƙe sharkaf tana masifa. Ta bi su ɗaya ɗaya har auta, wanda labarinsa ya cinye sauran yinin. Ni ina zaune riƙe da salula, tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba.

Ba wai ban san nauyin abin ba. Ni ma ina da ƴar fari, kuma da duk karatun bokona ban taɓa iya faɗin sunanta ba. Ranar da ta faɗi daga kan jaki tana ƙarama, sunan ya zo mini har bakin leɓe, na haɗiye shi na ce, "Ke!" Na san aiki ne, na san yana ciwo. Amma sanin ciwon mai yi bai taɓa rage wa wanda ake yi wa nasa ba.

Sai daga baya na gane ɓarnar da muka yi ni da auta. Da wani ne ya riƙe salular, ko maƙwabciya ko ɗaya daga cikin ƙannena, da ta ce "na tsohuwa" ko sau ɗaya, da ƙila ta faɗi yadda aka zo aka ɗauke shi. A gabana kuwa ko wannan ba za ta iya ba. Wata da watanni ana kwasar hankalinta, kuma wanda aka sa aikin shi ne mutum ɗaya tak a duniya da zamansa a wurin ke share shi daga labarin. A lokacin dai ban yi wannan tunani ba. Na tura wa auta amsar yadda take, ina huci.

Ta rasu bayan an gama girbi, ciwon ƴan kwanaki. Auta bai samu hanya ba. Ni na shiga kabari na karɓe ta, kuma tun ina goye ban taɓa jikinta ba sai ranar. Auta ya yi ta kuka a salula, aka riƙa miƙa shi hannu hannu ana ba shi haƙuri, har da ni.

Bayan wasu watanni ya aiko mana da abin, kowa a salularsa. Ƙannena suka kira ni ɗaya bayan ɗaya suna kuka, wai Inna ce sak, har tarin. Ta Bonkuku ta ce ta tambaye ta yadda take haɗa daddawa, ta gaya mata, har da faɗan ba ki taɓa saurare ba. Ni na yi kwanaki ban buɗe ba. Rannan da rana, yara sun tashi, na rufe ƙofar aji na zauna a bencin baya na kunna. Na yi sallama.

"Alaikumus salam. Wa ka magana?"

Muryarta ce, har ɗan jan numfashin da take yi kafin ta fara. Na ce, "Wani mushen lakwal na."

"A'a, mushe! Marhaba. Kai ma kana cikin masu bugun ɗiyan mutane? Hwaɗi gaskiya, ba ni kai ƙararka."

Na yi dariya, irin wadda na yi ta dannewa a gindin katanga. Ta tambaye ni ko ina da mata, ta ce in babu akwai wata bazawara a unguwarsu da ta iya dama fura, aibinta ɗaya surutu. Muka yi ta hira har aka kira salla. Uwata, ko abin da ya ari muryarta, tana zolayata, tana jiran amsata. Na san ba ita ba ce, ai ni na riƙe salular da aka gina ta da ita. Duk da haka washegari na koma, na kuma komawa. Har kishin mushen nan na riƙa yi, baƙon da ba ta sani ba, wanda ya samu a yini ɗaya abin da ɗanta bai samu ba tun haihuwa. Wanda ya kai ga kishin kansa da kansa, ai ciwonsa ya yi nisa, kuma na san da haka ina zaune a bencin yara gwiwata na dukan tebur.

Da hira ta yi hira sai na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, ɗiya nawa Allah ya ba ki?"

"Huɗu, mushe. Mata ukku da namiji guda, autana."

Ta jero sunayensu, ta ce ta Baleyara ita ce ƴarta ta fari, ta kuma faɗi sunanta gatsau ba ko ɗar. Ban san lokacin da na kira auta ba.

Na ce, "Kun kashe ni da raina, kai da injinka."

Ya ce ya lura tun tuni, yana ta neman yadda zai gaya mini. "Yaya, abin da tac ce shi ɗai na'urar tas sani. Inda Inna tay yi shiru, sai ta cike da abin da taz zata. Wanga na cikin abin da muka tsoro."

"Kuma ba a gyarawa?"

"Doka ta hana. In nas saka ka yau don ina son ka, gobe wani shi saka abin da shika so, shi ce ita tac ce. Kuma abin da yash shiga ba shi hita. Garwayewa shikai da sauran, awa gishiri cikin miya. Sai dai a zubda miyar dut."

Na ce, "Ka gama da ita tana da rai, yanzu ka gama da ita ba rai. Kai ɗai ad da uwa."

"Yaya, mi kaka so in yi?"

"Ba ni son komi." Na kashe salula.

Daga ranar na daina buɗe abin. Auta ya riƙa aiko gaisuwa, ina amsawa a taƙaice. Matata ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in bar yaron nan haka, bai yi don ya ɓata mini ba. Na ce ai shi ke nan abin haushin, bai taɓa yin komai don ya ɓata mini ba, tun yana cikin zanen goyo.

Da shekara ta zagayo hanya ta ɗan yi sauƙi. Auta ya zo, ƙannena suka zo da ƴaƴansu don sadakar shekara. Da hantsi, bayan an yi addu'a a ƙofar gida maza sun watse, na shiga ciki in gai da mata. Tsakar gida cike take. An kife turmi an ɗora salular auta a kai, jikoki sun kewaye ta suna jefa mata tambaya, tana ba su amsa ana ta dariya. Inna ƙarama na gefe a tabarma, ta tsufa ƙwarai a shekarar nan, tana saurare tana gyaɗa kai. Na yi sallama daga bakin ƙofa.

Muryar ta katse abin da take faɗa. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban ƙannena da ƴaƴansu da matata.

"Ɗana na hwari! Ina kash shige? Taho zamna kusa gare ni."

Jikoki ba su gane ba, suna ta duban fuskokin manya. Ta Baleyara ta rufe baki da hannu. Inna ƙarama ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Kun tuɓe mata zane bainar jama'a. Ɗiyar uwata ba ta yin haka ko da wuƙa bisa wuya." Ta ja ƙafa ta shige ɗaki.

Na dubi auta. Yana tsaye jikin rumbu, idonsa cike da hawaye, yana murmushi irin na wanda ya kawo tsaraba yana jira a buɗe. Shi da aka ɗauka aiki don ya hana a yi haka, shi ya yi, ya saka sunana a bakinta saboda ni, kuma da bakinsa ya gaya mini ba ya fita. Na so in shaƙe shi. Duk abin da uwarmu ke da shi ta ba shi da rana tsaka, hira da dariya da albarka, ni ban samu komai ba sai shirun nan. Amma shirun nawa ne ni kaɗai. Ba ta yi wa kowa shi ba, ta riƙe shi tun daga ranar da ta haife ni har ranar da na sa ta a ƙasa, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Shi ma auta ya sa hannu ya ɗauke, yana kuma jira in gode masa.

Na buɗe baki in ce a kashe abin nan yanzu yanzu. Na'urar ba ta ji amsa ba, sai ta sake kiran sunan, a hankali, da muryar lallashi, irin wadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo.

Kafin in san abin da nake yi, da furfurata da komai, na ji bakina ya ce, "Na'am."